Na'urar auna tansiyo ta Omron M2 Basic: ta cancanci kuɗinta?

Hawan jini, wato tansiyo, shi ne kan gaba a abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma ba ya sallama. Mutum na harkarsa lafiya lau, sai wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace. Shi ya sa na'urar awo ta gida take da daraja, kuma Omron M2 Basic na cikin masu sauƙin aiki: maɓalli ɗaya, pil huɗu ƙirar AA, sai ɗamara da ake naɗawa a damtse.

Tana nuna lamba uku. Idan ta rubuta 140 da 90, shi ne abin da likitocin Yamai ke kira 14/9; ta ukun bugun zuciya ce. Awon gida ya kamata ya tsaya ƙasa da 135/85.

Galibin kuskure daga mai awo yake. A zauna a kujera minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba. Kada a sha shayi ko taba, ko a ci goro, minti 30 kafin awo. A ɗaura ɗamarar santimita 1 zuwa 2 sama da gwiwar hannu, a ɗora hannun a tebur daidai ƙirji, a kama baki. Awo uku da safe kafin shan magani, uku da dare, kwana uku a jere, sai a kai wa likita lambobin. A rubuta su a littafi nan take, don wannan ƙirar ba ta tara tarihin awo mai yawa.

Babban aibinta ɗamara. Wadda ke zuwa a kwali ta damtse mai faɗin kewaye santimita 22 zuwa 32 ce. Hajiya mai jiki ta matsa ta a hannu, lamba za ta haura fiye da gaskiya, hankali ya tashi a banza. A auna damtse da mitar tela tun kafin a biya, in ya wuce 32 a nemi babba. Sai zafi: an ƙera na'urar ta yi aiki tsakanin digiri 10 da 40, ga Yamai a Afrilu da Mayu tana wuce haka. Kada a bar ta a mota ko a akwatin babur. A farmasi ya kamata a saya. Na ɗaurawa a wuyan hannu da ake tallarsu kan tebur sun fi saurin ba da lambar bogi.

Na'ura ba ta sauke tansiyo. Gishiri ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma a lissafa har da dunƙulen ɗanɗano da kanwa. Wanda aka ɗora kan magani kada ya daina don lamba ta yi kyau kwana biyu.

In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a ajiye na'urar a nufi Babban Asibitin Ƙasa na Yamai nan take. Kada a ba shi asfirin ko ruwa a gida: in jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa asfirin na ƙara zubar jinin, ruwa kuma na iya shaƙe shi.