Kuben Wuƙa na Fatar Kada, Jimina ko Mesa: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya je wurin baduku domin a ɗinka masa kuben wuƙa da fatar da ba a saba gani ba, abin da ke fara ɗaukar idonsa shi ne zanen fatar, alhali zanen ba shi ne yake riƙe wuƙa ba. Yawancin fatun nan, ko dai sun cika sirantaka ko kuma sun cika tauri, don haka gwanin baduku yakan gina kuben da fatar saniya mai kaurin milimita 3 zuwa 4, sannan ya ɗora fatar adon a kai, ko ya yanka taga a fuskar kuben ya shigar da ita daga ciki. Saboda haka tambayar farko da mai saye zai yi ita ce: da wace fata aka yi cikin kuben, kuma da me aka jeme ta?

Amsar tana da muhimmanci ƙwarai. Fatar da aka jeme da bagaruwa, kamar yadda majeman Kano da Sakkwato suka gada, tana da ƙarfi, tana karɓar siffar wuƙa idan an jiƙa ta an matse, kuma idan ta bushe takan zauna a haka. Wadda aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta kuwa ta fi laushi, ta dace da takalmi da jaka, amma dukawa da maƙera da yawa suna gudunta a cikin kube domin gishirin jimar yakan sa wa ƙarfe tsatsa idan danshi ya shiga. Fatun kada da jimina da ake shigowa da su galibi jimar masana'anta ce, wanda ya sa bai kamata su taɓa ƙarfen kai tsaye ba. Haka nan a leƙa gefen ɗinkin a tabbata akwai siririyar fata ta uku da aka sa tsakanin gaba da baya, domin ita ce kaifin wuƙa yake gogawa. Idan babu ita, watarana kaifin zai tsinke zaren ya fito ya sami cinyar mai ita.

Fatar kada ita ce aka fi nema, kuma kashi biyu ce. Ta ciki tana da santsi, zanenta murabba'i ne a jere, tana lanƙwasuwa ba tare da ta tsage ba, ita ce kuma mafi tsada. Ta gadon baya tana da tudu-tudu masu ƙashi a ciki, ga kwarjini a ido, sai dai ba ta naɗuwa, basilla ba ta huda ta cikin sauƙi, kuma tudun yakan kama riga idan an rataya kuben a ƙugu. Ga babbar wuƙar farauta da za a ajiye don ado, ta baya ta yi. Ga wuƙar da za a riƙa ɗauka kullum, ni dai ta ciki nake ba da shawara.

Fatar jimina, a ganina, ita ce ta fi kowacce dacewa da wuƙar aiki. Tana da mai a jikinta, shi ya sa ba ta saurin bushewa ta tsattsage, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da kubensa zai sha hunturu. Fatar jikinta ita ce mai ƙuraje-ƙurajen nan inda aka cire gashi, ta ƙafa kuwa siririya ce mai ɓawo a jere kamar na ƙadangare, faɗinta ya yi daidai da fuskar kube, kuma ta fi araha. Mafi yawan wadda ake samu a kasuwar duniya daga gonakin kiwon jimina na Afirka ta Kudu take fitowa, musamman yankin garin Oudtshoorn.

Fatar mesa tana da kyau, amma ba ta da ƙarfi. Siririya ce ƙwarai, ɓawonta yana ɗagowa idan an shafa ta a baibai, kuma ruwa da zufa suna saurin lalata ta. Ba a sayen kuben da aka lulluɓe gaba ɗaya da ita sai don ajiya. Idan ana so a yi amfani da shi, a nemi wanda aka sa ta cikin taga, gefen fatar saniya yana kare ta. Fatar guza da ta damo sun ɗan fi ta juriya saboda ƙanƙantar ɓawonsu, suna kuma yi wa ƙaramar wuƙa kyau.

Jabu ya yi yawa, domin ana buga zanen kada ko na jimina a kan fatar saniya da inji. Hanyar ganewa ita ce a nemi maimaici: zanen inji yakan dawo iri ɗaya bayan ɗan taƙi, na halitta kuwa ba ya maimaita kansa. A fatar cikin kada ta gaskiya, kusan kowane ɓawo yana da ɗan ɗigo kamar hudar allura kusa da bakinsa, haka ma kowane ƙurji na fatar jimina yana da ƙaramin rami a tsakiya.

Sai batun doka, wanda masu saye da yawa ba sa tunawa sai kwastan sun tare su a filin jirgi. Yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashen duniya, wadda Najeriya da Nijar duk suna cikinta, ta sa kadan Afirka ta Yamma da jiminar dajin Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru a rukunin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, mesa da guza da damo kuwa sai da takardar izini ake fita da su. Najeriya tana da tata dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985. Don haka a tambayi baduku inda fatar ta fito, a fifita ta gonar kiwo mai takarda, domin kowane kube da aka yi da kadan da aka kashe a kogi yana ƙara rage abin da ya saura a ruwayenmu.

Wanda bai samu mai takarda ba, kada ya raina fatar jar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Idan aka rina ta aka ɗora a kan fatar saniyar da ta sha bagaruwa, aka riƙa shafa mata ɗan man kaɗanya ko kakin zuma lokaci-lokaci, kuma ba a barin wuƙa a ciki da danshi, za ta yi shekaru ɗinkinta bai motsa ba.