Ƙidayar Halittu ko Kwafe Duwatsun Kabari: Wanne Za Ka Shiga?

Ƙanena, ka ce cocin unguwarku a nan Ingila tana neman masu aikin sa-kai a maƙabartarta, kuma an kasa aikin gida biyu: masu rubuta tsirrai da dabbobin wurin, da masu kwafe abin da ke jikin duwatsun kaburbura. Ka tambaya wanne ya fi. Na taɓa duka biyun.

Aikin halittu ya fi sauƙin shiga. Abu huɗu ake so daga gare ka: me ka gani, a ina, yaushe, wa ya gani. Ka ɗauki hoto, ka sa a manhajar iRecord, masana su duba su tabbatar, bayanin ya wuce rumbun ƙasa na NBN Atlas. Kada ka raina wurin don ƙanƙantarsa. Tun daga shekarun 1930 ƙasar nan ta rasa kusan kashi 97 cikin 100 na tsoffin filayenta na ciyawa mai furanni, noman zamani ya cinye su. Harabar coci kuwa galibi garma ba ta taɓa shiga ba, ba taki, ba feshi, shi ya sa furen da ya ɓace a gonakin kewaye kan tsira a tsakanin kaburbura, tare da bushiya da jemage da tsattsewa. Lokacin wannan aiki bazarar Ingila ne. A watan Yuni ƙungiyar Caring for God's Acre da Cocin Ingila kan ware mako guda na wannan ƙidaya, a nan sabon shiga ke samun wanda zai riƙe masa hannu.

Aikin duwatsu sai mai haƙuri. Za a ba ka taswirar wurin, kowane kabari da lambarsa, ka kwafe rubutun harafi da harafi, har kuskuren masassaƙin ba a gyara shi. Tsohon Turanci ne, wani wurin ma Latin. Ya fi daɗi da hunturu, lokacin da ciyawa ta kwanta, kuma dabarar ita ce ka haska tocila daga gefe, inuwa ta fito da haruffan da ido ya kasa gani. Abin da ke riƙe ni a wannan aikin shi ne gaggawarsa. Fure in ka rasa shi bana, baɗi zai dawo. Dutse mai yashi-yashi kuwa ruwa da sanyi ke ɓare fuskarsa, ran da ta zube sunan ya tafi ke nan. Mu da muka taso inda ake sa fasasshiyar tukunya ko guntun itace a kan kabari, abin ya ɗan zame mini baƙo da farko. Sai da na je maƙabartar Brookwood kusa da garin Woking, inda aka binne Abdullah Quilliam, wanda ya buɗe masallaci a Liverpool a 1889, na ga ashe tarihin Musulmin ƙasar nan ma a irin waɗannan maƙabartu yake kwance.

Inda ɓangarorin biyu ke karo shi ne a kan laikin, wani abu mai kama da gansakuka da ke manne wa dutse, ruwan ɗorawa ko toka-toka. Mai kwafe rubutu yana ganinsa datti ne da ya rufe masa suna. Masanin halittu yana ganin abin da ya yi shekara ɗari kafin ya kai faɗin tafin hannu, kuma an samu ire-irensa sama da 600 a harabar coci-coci na Ingila. Na taɓa ganin wani ya zo da burushin ƙarfe ya kankare dutse tas, ya kashe laikin ɗin, ya haɗa da fatar dutsen. Har yau abin na ci mini rai. Duk ɓangaren da ka shiga, kada ka kankare komai.

Shawarata, tunda karatun muhalli ya kawo ka, fara da halittu a watan Yuni, ka nemi a haɗa ka da masu duba laikin. Su ma a gaban dutsen suke wuni a durƙushe, suna duba shekarar da aka sassaƙa don su kimanta girman abin. Kafin sanyi ya shigo idonka ya saba da haruffan, sai ka karɓi tocila ka bi masu kwafe.