Na nemi hutun ɗaya ga Mayu a Shikago, aka yi mini dariya

'Yan uwa na gida, salamu alaikum. Abin nan ya faru tun shekarata ta farko a Amurka, amma har yau yana ci mini rai.

Ina aikin lodi a wani katafaren sito a bayan garin Shikago. Ranar 30 ga Afrilu da yamma, muna shirin tashi, na tambayi mai kula da mu ko gobe akwai aiki, tunda ranar ma'aikata ce. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya yafito wani ya maimaita masa tambayata, suka bushe da dariya. Ya ce in ƙarfe shida na safe ta yi ban buga kati ba, kada in ƙara takowa wurin. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wani dattijo ɗan Meksiko ne ya biyo ni tashar bas, ya dafa kafaɗata ya ce su ma a ƙasarsu ranar hutu ce, kuma asalinta ma garin nan ne.

Lahadi na zagayowa ya kai ni titin Desplaines, inda aka kafa abin tunawa da asalin ranar. Wurin ba shi da wani kwarjini: mutum-mutumin amalanke ne da siffofin mutane a kai, motoci na ta wucewa, ba mai waiwaye. A nan ya warware mini labarin. Ranar 1 ga Mayun 1886 ma'aikata suka tsunduma yajin aiki suna neman a tsayar da aiki a awa takwas, a zamanin da mutum kan yi awa goma ko sha biyu, kwana shida a mako. Ranar 3 ga wata 'yan sanda suka harbi masu yajin a masana'antar McCormick. Washegari aka taru a dandalin Haymarket, wani ya jefa bam, aka buɗe wuta, 'yan sanda bakwai suka mutu, farar hula ma suka mutu. Aka gurfanar da mutum takwas, ba tare da an tabbatar ko ɗayansu ne ya jefa bam ɗin ba. Ranar 11 ga Nuwamban 1887 aka rataye Albert Parsons da August Spies da Adolph Fischer da George Engel. Sai a 1893 gwamnan jihar, John Altgeld, ya saki ukun da suka rage a kurkuku, ya ce ba a yi musu shari'ar gaskiya ba. Taron 'yan ƙwadago a Faris a 1889 ne ya tsayar da 1 ga Mayu ta zama ta ma'aikatan duniya.

Su kuwa masu garin, tun 1894 tasu ranar Litinin ɗin farko ta Satumba ce. Na ga yadda ake yin ta: gashin nama a bayan gida da rangwamen katifa da firji a kantuna. Masu sayar da katifar ma suna bakin aiki ranar. Babu dokar ƙasa da ta tilasta wa kamfani ya biya ka ranar hutu, ko ya ba ka hutun shekara. Rabin awar da nake cin abinci ma cire ta ake yi daga lissafi.

Amma gaskiya ɗaya ce, guminka ba ya kwana a hannun wani. Juma'a na yi kuɗi ya shigo, da takarda mai nuna kowace awa. In ka haura awa 40 a mako, kowace awa ta sama kuɗin ɗaya da rabi ce, albarkacin dokar ƙwadago ta 1938. Ban taɓa bin wani akawu ina "ranka ya daɗe" a kan haƙƙina ba.

Mu ne muka riƙe ranar da kyau. Gwamnatin Abubakar Rimi a Kano ta ba da hutunta a 1980, ƙasa ta bi a 1981. Muna da Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa, wanda ya ja yajin 1945 sama da kwana 40 a gaban Turawan mulkin mallaka. Wallahi ina kewar faretin nan, da anko, da kalangu. To amma a watse daga fili a koma bin bashin albashin wata uku? Kuma kada mu ɗora wa gwamnati duka. Yaron shagonka yakan buɗe da asuba ya rufe bayan isha, yarinyar aikin gidanka ba ta san ranar hutu ba, kai kuwa ka ɗinka anko ka tafi fareti.

Bana ma ƙarfe shida na buga kati. A rabin awar nan na kira Baba, magariba ta kawo jiki a can. Ya ce ya je fili ya dawo, an yi jawabai masu daɗi. Na tambaye shi fansho, ya ce an ce su sake zuwa tantancewa.