Na saya wa Inna kujera biyu daga Kano zuwa Legas, ga yadda muka kaya

Tun da muka dawo ake ta tambayata a majalisa wai da gaske ne na biya kuɗin kujerar da babu kowa a kai, har wani abokina da muke harkar riɗi tare a kasuwar Gujungu ya ce wannan ai almubazzaranci ne. To bari in faɗi yadda abin ya kasance tun daga tushe, don na san akwai masu tsofaffi a gida da irin wannan tafiyar ke jiransu.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Taura. Ƙanwata tana aure a Agege, mijinta ɗan gwari ne a Mile 12, sai Allah Ya sauke ta haihuwar fari amma sai da aka yi mata aiki, likita kuma ya ce babu maganar doguwar tafiya, wato babu zuwa wankan gida ke nan. Dole Inna ce za ta je. Ita kuwa Inna shekara kusan shida ke nan tana fama da ciwon gwiwa, sallah ma a zaune take yi, in ta daɗe ƙafarta na reto sai ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga garinmu zuwa Kano kawai, mu bi Ringim mu bi Gezawa mu sauka Yankaba, sai an kama ta take fitowa daga mota, to ina ga Legas da ta haura kilomita 1,000.

Na fara tambayar jirgi, tunda daga filin Malam Aminu Kano awa ɗaya da rabi ne ka sauka, amma da na ji kuɗin mutum biyu zuwa da dawowa sai na ajiye maganar, ita ma Inna cewa ta yi ko kyauta ne ba ta hawa sai in Makka za ta. A nan ne tunanin ya zo min. Ai mu dama mun saba, in za ka Haɗejia ko Gumel a Golf kana so ka sake sai ka ce wa direba ka sayi gaba, ka biya kuɗin mutum biyu ka zauna kai kaɗai, babu wanda zai ce maka don me. Na ce to me zai hana a yi haka a babbar mota?

Ana gobe tafiya na shiga Sabon Gari, tashar New Road inda safa-safan kudu suke lodi. Tun daga bakin titi 'yan kamasho suka yanyame ni, wannan ya ja hannu wancan ya ce motarsa saura mutum biyu ta tashi, ban kula kowa ba na wuce ofis kai tsaye, kuma wallahi wannan shi ne abu mafi amfani da na yi a duk tafiyar. Na ce wa mai yankan tikiti kujera uku nake so amma mu biyu ne. Ya ɗago ya kalle ni ya ce na ukun fa, kaya ne? Na ce a'a ƙafar mahaifiyata ce. Ya yi dariya ya ce babu matsala in dai zan biya cikakke, babu ragi ko na sisi. Dubu 30 kowace kujera a lokacin, dubu 90 ke nan, kuma kowa ya san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai ƙara zama wuri ɗaya ba, ga shi in Sallah ko Kirsimeti ta matso wani farashin ne daban, don haka kar wani ya riƙe wannan lissafin nawa ya je ya yi rigima a tasha.

Na sa ya rubuta sunan Inna sau biyu a takardar sunayen fasinja, ya ba ni rasit uku kowanne da lambar kujera. Sannan na roƙi ya bar ni in shiga motar in gani da idona. Irin Marcopolo ɗin nan ce ƙirar Brazil, kujeru biyu dama biyu hagu, hanya a tsakiya. Abin da na duba shi ne hannun nan da ke tsakanin kujeru biyu, yana ɗagawa ko a kafe yake, domin in a kafe yake ka yi asarar kuɗinka, mutum ba zai iya miƙe ƙafa ya kishingiɗa ba. Na farkon da ya ba ni ya ƙi ɗagawa, tsatsa ta cinye shi, sai muka canza. Na kuma guji saitin taya saboda wurin ƙafa a tudu yake, da can baya inda duk ramin da aka faɗa a ƙugunka zai ƙare. Muka samu layi na huɗu, Inna biyu na ɓangaren taga, ni kuma ina tsallaken hanya daidai saitinta.

An ce mana ƙarfe biyu, ba mu tashi ba sai bayan la'asar sosai. Wannan ban ma sa shi a lissafi ba, duk wanda ya san tasha ya san haka.

Rigimar farko tun mota ba ta motsa ba. Na fita sayo ruwa da burodi, ina dawowa na tarar yaran mota sun ɗora wata ƙatuwar Ghana-mos-go a kujerar, Inna ta takure a jikin taga ta yi shiru, don ita ba za ta iya buɗe baki ta yi wa ɗan wani faɗa ba. Na ce a sauke, yaron ya ce Alhaji ai babu kowa a wurin. Na zaro rasit na nuna masa, ya sauke yana ƙunƙuni. Daga nan na shimfiɗa mata bargo, na naɗe zani na sa mata a bayanta, ta jingina da taga ta miƙe ƙafafun nan a kan kujera ta biyu. Na ga ta sauke ajiyar zuciya ta ce "Allah Ya yi maka albarka." A nan dai na ji dubu talatin ɗina ba ta tafi a banza ba.

Muna isa Kwangila a Zariya aka tsaya, sai ga mutane ana turo su ciki, aka fara jera benci a hanyar tsakiya, abin da suke kira atachi. Kwandasta ya zo ya durƙusa kusa da ni da murya ƙasa-ƙasa, wai Alhaji a taimaka, akwai wani bawan Allah, zan mayar maka da rabin kuɗin. Na ce masa ni ba haya na saya ba, magani na saya. Ya koma wajen Inna, "Mama ki ɗan gyara mana", kun ji fa, ya san inda ke da taushi. Nan ne raina ya ɓaci na ce kar ya ƙara yi mata magana, duk abin da yake so ya faɗa min. Abin da ke ba ni takaici shi ne kuɗin atachin nan ba na jin yana zuwa ofis, ga shi an riga an karɓi kuɗin kujerar a hannuna cif, wato so ake a sayar da wuri ɗaya sau biyu a tafiya ɗaya.

Amma gaskiya wanda ya fi wahala ba kwandasta ba ne. Bayan mun wuce Kaduna dare ya yi, sai na lura a bencin da ke tsakanina da Inna wata yarinya ce matashiya da goyo a gaba ga wani ɗan yaye yana ta gyangyaɗi yana faɗowa jikin mutane, benci babu majingini, duk birkin da aka taka sai ta dafe kujerar gaba da hannu ɗaya. Wani dattijo daga baya ya ce a fili, don in ji, "mutum ɗaya kujera biyu, mai jego a katako." Wallahi maganar ta soke ni. Inna ta fara janye ƙafarta a hankali tana cewa "kai, bar ta ta zauna mana, ai abin kunya ne." Na ce Inna don Allah ku mayar da ƙafarku, ku bar min wannan. Na san in ta sauke ƙafar nan daga nan har Legas, gobe ba mai jego ɗaya za a yi jinya a Agege ba, biyu ne.

Sai na tashi na ba yarinyar tawa kujerar, ni na koma bencin. Ɗan yayen kuma Inna ta jawo shi ta kwantar a gefen ƙafafunta, wuri ya ishe su tunda ɗan mitsitsi ne. Haka muka bi Zuba, muka wuce Gwagwalada da Abaji, muka haye gadar Murtala a Jamata har Lokoja inda aka tsaya cin abinci, kusan awa biyar ina kan katako. Ban taɓa sanin azabar atachi ba sai ranar, bayanka ba shi da wurin jingina, gwiwarka na dukan ƙarfe, barci ya zo babu inda za ka sa kai, kuma yarinyar nan ta ce min abin da aka karɓa a hannunta kaɗan ne ya rage ya kai kuɗin kujera. Ni a ganina wannan abin bai kamata a ce ana yinsa a tafiyar kwana ba sam, ko don ranar tsautsayi, hanya a toshe da mutane da kaya ta ina za a fita?

A Lokoja na kama Inna muka sauka ta ɗan taka, ta yi alwala muka rama sallolinmu. Wani ma'aikacin asibitin garinmu dama ya ja min kunne, ya ce dogon zama babu motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa musamman ga tsofaffi, duk inda aka tsaya ta sauko ta taka ko da taku ashirin ne, a cikin mota ma ta riƙa motsa yatsu da idon sawu, kuma kar ta ƙi shan ruwa don gudun fitsari. Wannan na ƙarshen sai da muka yi ta fama, don tsofaffinmu sun gwammace ƙishi da su ce a tsaya musu. Yarinyar a Okene ta sauka, ta yi ta godiya har da hawaye, na koma kujerata na yi barcin da ban san inda kaina yake ba sai wajen Ibadan.

Mun shiga Legas da hantsi, go-sulo ya riƙe mu tun daga Kara har Berger. Da aka buɗe ƙofa Inna da kanta ta dafa ƙarfe ta sauko, ƙafar ta ɗan tasa amma silifas ɗinta ya shiga, washegari ita ce a tsaye kan tukunyar ruwan wanka da kunun kanwa. Matar da in mun je Kano kawai sai ta kwana biyu tana shafa man zafi.

A dawowa ne na yi sakaci. Bayan arba'in na koma ɗauko ta, sai surukinmu ya ce yana da wani a tasha, a waya kawai aka yi magana na tura kuɗin kujera uku ta POS, babu rasit babu komai. Muka zo muka tarar biyu aka ajiye mana, ta ukun an sayar wa wani mutum yana zaune da tikitinsa a hannu, kuma shi ba shi da laifi. Wanda ya karɓi kuɗin ya kashe waya. Sai da muka yi kusan awa ɗaya ana cacar baki a ofis kafin suka yarda suka mayar da mu motar washegari da kujeru uku a rubuce, muka koma Agege muka ƙara kwana, ga kuɗin Keke da na ɗan dako zuwa da dawowa duk a kaina.

To ga mai tambaya ko ya cancanta, in matashi ne kai lafiyarka ƙalau ni ban ga dalili ba, ka riƙe kuɗinka ka yi tsaraba. Amma mai ciwon gwiwa ko baya, mai tsohon ciki, mai jiki sosai wanda kujera ɗaya ke matse shi, ko mace mai yara biyu da za ta ɗora su a cinya har kwana, wallahi in da hali a ƙara kujerar. Sai dai ka je ofis da ƙafarka, a rubuta suna sau biyu, rasit ya zauna a aljihun gaba ba cikin jaka a but ba, kuma kar ka tura tsohuwa ita kaɗai ka ce ai ka biya mata biyu, ba za ta kai Zariya da kujerar ba, kunya za ta sa ta bayar. In ba za ka iya raka ta ba ka haɗa ta da wanda zai iya cewa a'a.

Su kuma masu motocin, abin da nake roƙo ƙarami ne, su samo 'yar takarda ko kyalle su liƙa a jikin kujerar a rubuta an biya, yadda fasinja ba zai yi ta zaro rasit yana rantsuwa a kowane gari ba. Na faɗa wa mai yankan tikitin haka da muka sauka Kano, ya ce zai gaya wa manaja. Ƙanwata dai ta ce da Babbar Sallah za su zo da jaririn, na riga na gaya wa mijinta ya yanki uku.