Ajin Faransanci na yamma da nake zuwa a Kano, ga ra'ayina

Masu tambaya ta ko ajin nan ya cancanci kuɗinsa, eh ya cancanta, amma saboda malamin ne ba don wurin ba. Mutumin Maraɗi ne, a Nijar ya yi karatunsa, kuma yadda yake koyar da nahawu ya sha bamban da abin da aka yi mana a ƙaramar sakandare, inda malama za ta cika allo da je suis, tu es, il est mu yi ta rerawa har a tashi, ka ci jarabawa amma ko ruwa ba ka iya tambaya a Kwanni ba.

Shi ba ya fara da ƙa'ida sam. Ranar da za mu shiga passé composé, wato yadda ake faɗin abin da ya wuce ta hanyar haɗa aikatau da être ko avoir, kawai tambayarmu ya yi me kowa ya yi jiya, muna ta kame-kame yana gyarawa yana rubuta jimlolinmu a allo, wasu a dama wasu a hagu, sai da allon ya cika ya ce to ku gaya min me ya raba su. Wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ce ta gano cewa na hagun duk tafiya ce da zuwa da isowa, aller, venir, arriver, su ne ke ɗaukar être, sauran kuma avoir. Wallahi abin da ka gano da kanka ba ya fita kai da wuri. Kuma yana jawo Hausa cikin bayani ba ya jin kunya, ya ce ku da kuke da ya tafi da ta tafi me zai ba ku tsoro a il est allé da elle est allée, masu Turanci ne ya kamata su yi kuka. Sai dai ya gargaɗe mu kar mu dogara da jinsin Hausa, rana mace ce a wurinmu amma soleil namiji ne, wata na sama kuma namiji ne a wurinmu amma lune mace ce.

Ba wai ya yar da hadda ba fa, être da avoir da aller dole ka haddace su kamar yadda ake haddar nahawun Larabci a zaure, ya ce waɗannan ba su da wata dabara.

Inda suka gaza, rubutu. Ana magana sosai amma aikin gida kaɗan ne kuma ba a dawo da shi da wuri, wanda zai zauna DELF, jarabawar shaidar iya Faransanci, ko da matakin A2 ne akwai ɓangaren rubutu, to sai ya ƙara da nasa ƙoƙarin. Ga mutane sun yi yawa, in aka ɗauke wuta zafi kamar me, na baya ba sa ji. 'Yan kasuwa masu zirga-zirgar Damagaram da Kwatano ku je, ku dai je da wuri ku kama bencin gaba.