Awon leza a kan rinin soɓorodo: abin da na biya da abin da na samu

Shekara biyu ke nan ina haɗa ƙananan faifan sola a nan Sakkwato, irin wanda Brian O'Regan da Michael Grätzel suka fito da shi a 1991, inda ake shafa wata farar hoda mai suna titaniyom dayoksaid a kan gilashi a jiƙa shi da rini. Nawa rinin daga soɓorodon da nake saya a Babbar Kasuwa nake tatso shi. Wutar da faifan ke bayarwa ba ta taka kara ta karya ba, mitar da ke hannuna kuwa tana nuna an yi asara ba tare da ta nuna inda aka yi ta ba. Shi ya sa na aika samfura huɗu zuwa ɗakin gwajin wata jami'a a Turai, wanda ke karɓar kuɗi ya yi wa baƙi awo da leza mai matuƙar sauri.

Titaniyom dayoksaid semikondakta ne, wato abin da ba ya wuce da wutar lantarki sosai sai an tayar da ilektiron ɗinsa, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar; makamashin da hakan ke buƙata kuwa ya kai kusan 3.2 a ma'aunin ilektiron-bolt, saboda haka hasken da ido ke gani ba ya iya tayar da ilektiron ɗinsa. Rinin ne ke shan hasken ya miƙa masa ilektiron. Wannan miƙawa da femtosakan ake auna ta, wato a raba daƙiƙa gida miliyan, a ɗauki gida ɗaya a sake raba shi gida biliyan. Lezarsu ta titaniyom-safaya tana fitar da walƙiya a nanomita 800 (ma'aunin da ke nuna launin haske), sai a raba ta biyu: a mayar da ɗaya koriya domin jan rini ya sha ta, ɗayar kuma ta biyo baya ta leƙa abin da ya sauya. Abin da ya fi burge ni shi ne da madubi ake auna lokacin, domin idan aka ja shi baya da milimita 0.15, haske ya je ya dawo, walƙiya ta biyu za ta makara da fikosakan ɗaya, wato femtosakan 1000. Da irin wannan dabara Ahmed Zewail, mutumin Masar, ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999.

A wajen awon kansa ba ni da abin kushewa. Sakamakon ya nuna ilektiron na shiga semikondaktan nan take, amma kaso mai yawa na komawa ga rinin cikin fikosakan kaɗan, tun kafin ya kama hanyar waya. Ashe na daɗe ina zargin soɓorodo da ƙin shan haske, alhali ɓarakar tana inda rinin ya haɗu da shafen titaniyom dayoksaid ɗin. Sun turo mini ɗanyen alƙaluman gaba ɗaya, kuma ma'aikacin da ya yi awon ya ba ni rabin awa ta bidiyo yana amsa tambayoyina cikin haƙuri.

Inda suka gaza shi ne shiri. Ba wanda ya faɗa mini yadda zan naɗe samfuran, alhali sun san rinin tsiro na koɗewa idan ya sha zafi da haske. Kayan sun yi mako uku a hanya a watan Afirilu, biyu suka isa a koɗe, kuma aka caje ni kuɗinsu. Rahoton ma shafi biyu ne kacal, zane ba bayani, wanda sabon ɗalibi ba zai gane kansa ba.

Duk da haka ina ba abokan aikina shawarar su nemi irin wannan awo, muddin suna da takamaiman tambaya, domin kuɗin ya fi ƙarfin gwajin lalube. Ni dai na gyara yadda nake gasa shafen a zafin digiri 450, kuma zan sake aikawa a watan Disamba, lokacin hunturu, cikin baƙar leda a liƙe.