Wata takwas ina shan cabergoline

Kusan shekara guda al'adata ta ɗauke, ruwan nono kuma yana ɗiga har ya ɓata mini riga, alhali ba ni da ciki kuma ba na goyo. Na sha maganin sanyi iri-iri kafin wata likita ta tura ni gwajin jini, inda aka ga sinadarin prolactin, wanda ke sa nono ya kawo ruwa, ya hau fiye da kima. Hoton MRI ya nuna ɗan ƙari a jikin fituwitari, wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke juya akalar sinadaran homon da yawa na jiki. Ƙarin nawa bai kai milimita 10 ba, kuma ba daji ba ne, sai dai likitar ta gargaɗe ni cewa manya daga cikinsu sukan danne jijiyar ido har gani ya ragu ta gefe.

Da bromocriptine, maganin rage prolactin, aka fara mini, wanda ake sha kullum, amma tashin zuciya ya hana ni sakat, aka mayar da ni kan cabergoline. Ƙwayar ƙarama ce, miligiram 0.5, da tsaga a tsakiya. Rabi nake sha sau 2 a mako, Litinin da Alhamis, bayan tuwon dare. Makonnin farko jiri yakan ɗebe ni idan na miƙe da sauri daga sujada, shi ya sa na koyi tashi a hankali, daga baya abin ya lafa. Ruwan nonon ya ƙafe, a wata na uku kuma al'ada ta dawo, ranar da na yi kuka don murna.

A ganina maganin ya cancanci yabo, domin sauƙin shansa ne ya sa ban taɓa tsallakewa ba. Abin da ke damuna shi ne tsada, ga shi ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba, har sai da na zagaya shaguna huɗu wani wata. Ba kuma na ba 'yar'uwa shawarar ta saya da kanta, tunda juna biyu, raguwar aikin halittar thyroid da ke wuya da wasu magunguna duk suna ɗaga prolactin, kuma gwaji ne kaɗai ke rarrabewa. Likitata ta ce da zarar na ga alamar ciki in je wurinta kafin in ƙara haɗiyar ko rabin ƙwaya.